Aikin Madugu Kafin Ayari Ya Tashi: Yadda Ake Tsara Doguwar Hikaya a Wasan Jarumai

Akwai wani wasa da ya daɗe da kafuwa a Amurka da ƙasashen Turai, wanda ba ya bukatar fili, ba ya kuma bukatar wutar lantarki. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, ko su zauna bisa tabarma, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan labari. Sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda, ya raɗa masa suna, ya faɗi sana'arsa da halinsa. Mai jan labari ya ce musu, to, ga ku a ƙofar gari, an riga an rufe ƙofa, ga kuma hadari ya taso. Sai kowane ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. In abin mai wuya ne, kamar haura ganuwa ko shawo kan mai gadi, sai a yi ƙuri'a a ga ko ya dace. Haka za a yi ta yi har lokaci ya cika, a tashi, mako mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya.

Zama ɗaya na wannan wasa ba shi da wuyar shiryawa. Inda gizo ke saƙa shi ne a ce labari guda zai yi wata uku ko shekara ana jansa, ba tare da ya warwatse ba. Sau da yawa samari sukan fara da ɗoki, a zama na uku ko na huɗu sai ka ga abin ya yi sanyi, don kuwa mai jan labarin kansa bai san inda ya dosa ba. A kan wannan ne filin zai tsaya a wannan mako, kuma garin Suleja ne zai zama allon darasi.

ASALIN WASAN

Tushen abin daga wasannin koyon dabarun yaƙi ne, irin waɗanda hafsoshin sojan Jamus suka riƙa yi bisa taswira a ƙarni na 19. A farkon shekarun 1970 wani saurayi a jihar Minesota ta Amurka, mai suna Dave Arneson, ya sauya wa abin fasali: maimakon mutum ya ja runduna, sai ya ja jarumi guda, a cikin wata ƙasa da Arneson ya ƙaga da kansa ya kira ta Blackmoor. Ya haɗa kai da Gary Gygax na jihar Wiskonsin, suka fitar da dokokin wasan a 1974 da sunan Dungeons & Dragons. Shi ma Gygax yana da tasa ƙasar ta ƙage, watau Greyhawk, kuma 'ya'yansa na cikin waɗanda suka fara wasa a cikinta. Abin lura a nan shi ne, wasan tun fil azal na gida ne. Waɗanda suka ƙirƙiro shi da hannunsu suka zana ƙasashensu, don abokansu da iyalinsu.

A nan gida ma an taɓa harkar wasannin tebur. A Abuja, wadda ke maƙwabtaka da Suleja, kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan wasanni, har ya sami lambar yabo ta Diana Jones a 2021, wadda masu wannan sana'a a duniya ke girmamawa.

Ga Bahaushe kuwa, ɗaukar halin wani a yi wasa da shi ba baƙon abu ba ne. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa. A kalankuwa samari kan naɗa wa junansu sarautu bayan kaka. Ga tashe a watan azumi, ga tatsuniya da dare. A rubuce ma, littattafan da suka buɗe ƙofar ƙagaggen labari na zube a 1934 na yawon jarumai ne, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, kuma dukkansu biyu 'yan Kagara ne, a cikin Jihar Neja ta yanzu. Bambancin kawai shi ne, a tatsuniya mai ba da labari ne ke da jarumi, masu sauraro nasu ji. A wannan wasa kuwa jaruman na masu sauraro ne.

Wannan bambanci shi ne mabuɗin sha'anin baki ɗaya. Saboda haka sunan da ya fi dacewa da mai jan labari shi ne madugu. Madugu uban tafiya ya san inda ayari ya dosa, ya san zango-zango, ya san rijiyoyi da mashigai da inda 'yan fashi ke fakewa. Amma ba shi da ikon cewa ga abin da zai faru a hanya. Wanda ya zauna ya rubuta labari daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya tilasta wa abokansa su bi sawunsa, ya rubuta littafi ne, gara ya kai maɗaba'a. Wanda kuma ya zo hannu rabbana, ya ce in an zauna dabara za ta zo, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA GUDA

Abu na farko da madugu zai tanada shi ne tambaya guda ɗaya tak, wadda za ta riƙe labarin tun daga zaman farko har na ƙarshe. A Ruwan Bagaja mai karatu ya san abin da ake nema tun daga bango: ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa, da duk karon da ya yi ta yi da Malam Zurƙe, a kan wannan igiya aka shanya su. In madugu ya kasa faɗin tambayarsa cikin numfashi ɗaya, to, bai shirya ba tukuna.

Ɗan Suleja ba ya bukatar aron tambaya daga waje, tarihin garinsa cike yake da su. A farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa, ya yi kudu ya sauka Zuba. Ya ƙare kwanakinsa a fagen fama, aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin ya ci sunansa. Mutanen suka riƙe sarautar Zazzau da tsarin fadarta a sabon wuri, kuma garin bai faɗa hannun kowa ba har zuwan Turawa a 1902. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sunan Abuja ya koma can, tsohon garin ya zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin da Hausa, aka fassara shi da Turanci aka buga a 1952.

A cikin wannan tarihi akwai tambayar da ta isa riƙe labari shekara guda: jama'ar da ta rasa birninta, shin ta koma ta ƙwato shi ko ta gina sabo a inda ta sami kanta? Ga misalin yadda madugu zai sarrafa ta. A wata ƙasa ta ƙage, wata fada ta yi hijira ta sauka a gindin wani babban dutse. A hanya tambarin sarauta ya ɓace, kuma bisa al'adarsu ba a naɗa sarki sai an buga shi. Sarki ya tsufa, ga ciwo ya kwantar da shi. Saura wata uku damina ta faɗi, rafuka su cika, hanyar komawa ta toshe. Wa zai samo tambarin, kuma a wane gari za a buga shi? Iyakar abin ke nan, sauran duk rassa ne.

ABOKIN GABA MAI NASA UZURI

Abu na biyu shi ne abokin gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye wani mugun matsafi a ƙarshen taswira, yana zaune yana jiran ranar da jarumai za su zo su kashe shi. Irin wannan ba ya motsa kowa. A Magana Jari Ce, abin da ke sa a ƙagara a ji labarin gobe shi ne makircin Waziri, wanda ke ci gaba ko ana barci. Aku yana ba da labari ne don ya hana ɗan sarki fita ya faɗa tarko. Haka ya kamata abokin gaba ya zama: yana da abin da yake so, yana da dalilinsa, yana kuma aiki ko jarumai sun kula ko ba su kula ba.

A misalin fadar da ta yi hijira, sai a ce shugaban mayaƙa ne ke neman tambarin. Shi ba azzalumi ba ne. Ya binne 'ya'yansa biyu a hanyar gudu, ya kuwa rantse sai ya mai da jama'a gida, ko da rabinsu za su halaka. Madugu ya ɗauki takarda ya rubuta masa matakai. In ba wanda ya tare shi, a zama na 3 zai aika 'yan leƙen asiri wajen dutse. A na 6 zai karɓe rumbunan hatsi da sunan guzurin yaƙi. A na 9 zai kama duk wanda ya yi masa musu a fada. A na 12 zai fita da runduna. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan labarin. In jarumai suka shagala da farauta, rumbuna za su tafi, su dawo su tarar da gari cikin yunwa. In suka tare mataki guda, sai madugu ya tambayi kansa abin da mutum mai wannan hali zai yi in an ɓata masa shiri, ya gyara takardar. Ta haka labari ke tafiya da ƙafafunsa, kuma duk abin da ya faru 'yan wasa za su ga hannunsu a ciki.

FADA DA RUKUNONINTA

Abu na uku shi ne ɓangarori. Gari mai mugu ɗaya da na kirki ɗaya ba ya ɗaukar dogon labari. Masanin nan M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya bayyana yadda fadar tsohuwar Abuja ta raba iko: ga Madawaki shugaban mayaƙa, ga Galadima mai kula da gari, ga Wambai da Dallatu, ga malaman fada, ga kuma sarautun mata irin su Iya da Sarauniya. An tsara abin ne yadda wani ba zai haɗiye wani ba. Madugu mai wayo zai ɗauki darasi a nan. Ɓangare uku ko huɗu sun isa, kowanne a rubuta masa abu uku: abin da yake so, abin da yake tsoro, da abin da yake ɓoyewa.

A misalin da ake bi, mai kula da gari yana son a zauna a gina ganuwa, amma yana ɓoye cewa shi ya yar da tambarin da gangan. Uwar gidan tsohon sarki tana son jikanta ya hau gado, ba ta damu da ko a ina ba. Mutanen da aka tarar a gindin dutse suna tsoron baƙin su cinye musu gonaki, kuma su kaɗai suka san hanyar hawa. Kowane ɗaya zai nemi jarumai da wata bukata, kuma biyan bukatar wani ɓata wa wani ne. Daga nan ake samun zaɓi mai nauyi, wanda 'yan wasa za su tashi suna gardama a kansa har bakin titi.

TASWIRA DA ZANGO

Abu na huɗu shi ne taswira, kuma a nan ƙanƙanta ta fi. Wasu sukan ɓata wata biyu suna zana nahiyoyi da tekuna da jerin sarakuna arba'in, alhali jarumai ba za su wuce tafiyar kwana uku daga gari ba. Gari ɗaya, rafi ɗaya, kurmi, kasuwa, ƙauyuka biyu ko uku, da wani abu guda da ake hangowa daga ko'ina, sun wadatar.

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san yadda Dutsen Zuma ke tsaye a wajen Madalla, da alamun nan a jikinsa masu kama da fuskar mutum. A 1999 hotonsa ya hau takardar naira 100. Ba a bukatar a ce wa baƙo ga abin kallo. Ido ne ke kai kansa can. Madugu ya sa irin wannan a ƙasarsa ta ƙage, ya ambace shi tun a zaman farko, ya bar shi yana leƙen jarumai mako bayan mako. Ranar da suka taka gindinsa, ba sai ya yi dogon bayani ba, gabansu zai faɗi da kansa.

Tafiyar kuma a kasa ta zango uku. In za a yi zama 12, mako-mako, wata uku ke nan, kowane zango zama huɗu. A zangon farko jarumai su san gari da mutanensa ta hanyar ƙananan ayyuka, kamar rakiyar fatake ko binciken satar hatsi, a ƙarshensa su gane cewa tambarin bai halaka ba. A na biyu su fita nema, a ƙarshensa su gano gaskiyar da za ta juya musu tunani, watau cewa wanda ya aike su shi ne ya yar da shi. A na uku tambari na hannunsu, damina ta matso, kowa na miƙo hannu. Zangon farko madugu ya shirya shi filla-filla. Na biyu ya rubuta shi a shafi ɗaya. Na uku kuwa layi biyar ya isa, don kafin a kai can 'yan wasa sun riga sun sauya rabin abin da ya zata.

Akwai wata dabara da masu wannan wasa suka daɗe da ganewa. Duk sirrin da labari ba zai ci gaba ba sai an gano shi, kada a rataye shi a ƙusa ɗaya. In wasiƙa guda ce kaɗai ke tona asirin mai kula da gari, jarumai kuwa suka ƙi shiga ɗakin da take, labari ya tsaya cik. A ba sirrin ƙofa uku: wasiƙar, da tsohon bawan da ya gani da idonsa, da maroƙin da ke habaici a kasuwa. Ko sun kuskure biyu, za su ci karo da ta uku.

JARUMAN DA ƘARSHEN LABARI

Abu na biyar shi ne ɗaure jarumai a jikin tambayar. Kafin a fara, a yi zama guda na shawara kawai. Kowane ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa ya bari a tsohon birni, da abin da ya samu a sabon wuri. Wanda kabarin mahaifinsa ke can, gonarsa da amaryarsa kuwa suna nan, ba sai an roƙe shi ya damu da tambari ba. Ba dole ne kuma kowa ya zama barde mai sulke ba. Maharbi, maƙeri, bafatake, almajiri mai neman ilmi, ungozoma, duk jarumai ne. Garin da Ladi Kwali ta yi aiki a cibiyar tukwanen da Michael Cardew ya kafa, har hotonta ya hau takardar naira 20, bai kamata ya rasa jaruma mai ginin tukwane a hikayarsa ba.

Ƙarshen labari kuwa ba na madugu ba ne. Abin da zai tanada shi ne sakamakon kowace hanya: in an koma, ga abin da za a tarar, ga waɗanda za a rasa, in an zauna, ga sharaɗin mutanen dutse, ga abin da shugaban mayaƙa zai aikata, in jarumai suka fasa tambarin don kowa ya huta, ga yadda gari zai kwana. Sa'an nan ya kame bakinsa ya bar su su zaɓa. Wannan shi ne wuri mafi wuya, don mutum ya yi wata uku yana renon labari, zuciyarsa na son wani ƙarshe. Amma in 'yan wasa suka gane cewa ko me suka yi wuri ɗaya za a sauka, ba za su sake zama ba.

HATTARA

Akwai abubuwa uku da ya wajaba a kiyaye. Na farko, tarihi a ɗebi darasinsa, a bar sunayensa. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 a wannan yanki sun shafi Hausawa da Fulani da Gbagyi da Koro da sauransu, an yi hare-hare, an kama bayi, kuma jikokin kowane ɓangare suna zaune yau a unguwa ɗaya, wataƙila ma a tabarma ɗaya. Bai dace a mai da wata kabila ta gaske dodanni ba, ko a sa sarkin gaske ko malamin gaske a bakin wasa. A ƙagi ƙasa, a ƙagi sunaye.

Na biyu, sha'anin ƙuri'a. Turawa suna jefa ƙwayoyi masu lambobi irin na ludo, har da mai fuska 20. Akwai hadisin da ya yi hani ga wasan nardi, malamai kuma sun yi bayani a kan wasa da irin waɗannan ƙwayoyi, saboda haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Wasan na yiwuwa ba tare da su ba: a ba kowane jarumi ƙwallon dabino goma a farkon zama, duk aiki mai wuya ya biya da ɗaya ko biyu, in sun ƙare ƙarfinsa ya ƙare. Kuɗi kuwa kada su kusanci tabarmar ko kusa, don da zarar sun shigo an koma caca.

Na uku, lokaci. A yanke ranar zama da sa'ar tashi, kada wasa ya ci salla, ko karatu, ko aikin gida. Sa'a biyu ko uku a mako sun isa. A kuma yanke adadin zama tun farko, don labarin da aka san ranar ƙarewarsa ya fi samun masu kai shi ƙarshe.

Duk shirin nan bai wuce shafi huɗu na littafin rubutu na 'yan makaranta ba: shafi ɗaya na tambaya da matakan abokin gaba, ɗaya na ɓangarori, ɗaya na taswira, ɗaya na zango uku. Sauran shafukan a bar su farare, bayan kowane zama madugu ya rubuta abin da jarumai suka aikata da wanda suka ɓata wa rai, don daga nan zaman gaba zai fito. A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba yadda ake gudanar da zaman farko, tun daga shimfiɗa tabarma har zuwa inda ya kamata madugu ya yanke labari.